Ranar da Ji Ya Kori Gani

A shekarar 1977 hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da farautar kifin wel ta yanke wani hukunci da ya faɗa kan wasu ƙananan garuruwa a can ƙuryar arewacin Alaska, a ƙasar Amurka. Ta ce mutanen Inupiat, 'yan asalin wannan gaɓa, su daina farautar wani nau'in wel da suke kira agviq. Hujjarta alƙaluma ce. Masana kimiyya sun ƙirga, sun ce abin da ya rage na wannan dabba a tekun bai wuce 600 zuwa 2,000 ba, idan aka ci gaba da kashe ta za ta ƙare ƙurmus.

Muna ce masa kifi ne don a ruwa yake zaune, amma agviq yana shayar da 'ya'yansa nono, kuma iska yake shaƙa kamar ni da kai, dole ya riƙa ɗagowa sama ya yi numfashi. Tsawonsa kan kai mita 15 ko fiye. Idan aka kama guda, gari ne ke fita ya jawo shi kan ƙanƙara, a yanka, a raba gida-gida, har gidan tsohuwar da ba ta da mai fita mata farauta. A ƙasar da ba a noma ko zangarniya ɗaya, kayan kanti kuma sai an yi dakonsu daga nesa da ɗan karen tsada, hana wannan farauta daidai yake da a zo a liƙe wa manomi rumbu. Ga kuma abin takaici, ba su ne suka rage yawansa ba. Jiragen 'yan kasuwa ne daga kudu, tun daga 1848 har zuwa farkon ƙarni na 20, suka yi ta karkashe shi dubbai saboda kitsensa da wani abu mai kama da ƙaho da ke cikin bakinsa.

Yadda aka yi ƙirgar ba ɓoyayyen abu ba ne. Duk shekara, wajen Afrilu da Mayu, ƙanƙarar da ta rufe teku takan tsage, ruwa ya buɗe kamar doguwar hanya, agviq ya biyo ta daga kudu ya wuce ta gaban garin Barrow, wanda yanzu ya koma sunansa na asali, Utqiagvik. Masu ƙirga sukan hau tudun ƙanƙara a bakin wannan hanya riƙe da madubin hangen nesa, duk wanda ya ɗago suka gani su rubuta. Idan hanyar ta rufe, sai su ɗauka tafiya ta tsaya. Mafarauta suka ce a nan kuskuren yake. Suka ce agviq ba ya jiran ƙanƙara ta buɗe masa, ƙarƙashinta yake bi, idan numfashi ya matsa masa ya sa ƙoƙon kai ya fasa ta daga ƙasa. Suka ce kuma da yawa can nesa da gaɓa suke wucewa, inda ido ba ya kaiwa. Ba wanda ya bi ta kan maganarsu. A ganin masu hukunci, ai mai son a bar shi ya yi farauta dole ya ce nama yana da yawa a dawa.

Sai mutanen suka yi abin da ba a zata ba. A wannan shekarar suka kafa tasu ƙungiyar ta mafarautan wel, daga baya kuma ƙaramar hukumarsu, wadda su ke riƙe da ragamarta, ta karɓi aikin ƙirgar, ta ɗauki masana aiki. Cikinsu akwai wani likitan dabbobi, Tom Albert, da wani matashi, Craig George, wanda ya shafe kusan shekara 40 a kan wannan aiki. Malaminsu kuwa kafinta ne, Harry Brower, dattijo kuma shugaban kwalekwalen farauta. Shi ya riƙa zaunar da Albert yana faɗa masa halin agviq, shi kuma Albert yana juya kowace magana ta koma abin da za a iya gwadawa. Daga shekarun 1980 aka fara zura na'urorin sauraron sauti ta ƙarƙashin ƙanƙara. Sai ga kukan agviq yana fitowa daga inda ido ya ce babu komai, ƙarƙashin hanyar da ta rufe ruf, da kuma can nesa da tudun masu ƙirga. Da aka sake lissafi daga baya, an gano cewa a 1978 sun kusa 5,000. A 2001 an samu kimanin 10,500, a 2011 kuma kusan 17,000, alhali mutanen sun koma farautarsu bisa ƙayyadadden adadi.

Akwai wata maganar dattawan da ita ma aka ɗauka tatsuniya ce, wai agviq yana rayuwa tsawon ran mutum biyu. Sai aka fara tsintar tsinin mashi na dutse a jikin waɗanda aka kama, irin wanda aka daina amfani da shi tun ƙarni na 19. A 1999 George da abokan aikinsa suka auna shekarun wasu ta hanyar ƙwayar idonsu, lissafin ɗaya daga ciki ya kai shekara 211.

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. A bakin tekun Barrow ji ne ya kori gani, kuma ji iri biyu ne, na na'ura da na maganar dattijo, wanda da an yi shi tun farko da an huta.

Na kawo wannan labari ne saboda aikin da su Albert suka yi, wanda a lokacin ba shi da ko suna, yau ya zama sana'a. Jami'o'i da ƙungiyoyi da asusun tallafin sauyin yanayi suna neman masanin muhalli wanda zai iya tsayawa tsakanin ɗakin bincike da al'ummar da ta gaji wuri tun kaka da kakanni. Yarjejeniyar Paris ta 2015 ma ta ambaci ilimin 'yan asalin wuri a cikin abin da ya kamata a jingina da shi wajen jure wa sauyin yanayi. Matasa da dama suna sha'awar wannan hanya, kuma suna da gaskiya, hanya ce mai kyau. Sai dai akwai tambayar da ba a cika sa ta a takardar ɗaukar aiki ba. Shi wannan mai tsayuwa a tsakiya, na wa ne?

Wanda ya taɓa shiga kara ranar kasuwa ya san dillali. Mai saniya ya zo daga ruga, mai saye ya zo daga birni, ba wanda ya san wani, dillali ne ya san bakin kowa da farashin kowa. Ba a raba shi da kasuwa, kuma akwai masu amana a cikinsu. Amma duk wanda ya daɗe a kara ya san cewa zuciyar dillali takan karkata ga wanda zai sake haɗuwa da shi gobe. Haka mai bincike yake. Ƙauyen da ya je, wata uku zai yi ya tafi. Kwamitin ƙarin girma na jami'a, da masu ba da tallafi, da editocin mujallun kimiyya, su zai yi ta gani har ya yi ritaya. Ba sai yana da mugun nufi ba. A hankali maganar dattijo za ta koma "bayanan da aka tattara", ta fito a takarda da sunan baƙo a sama, a yi wa "al'ummar yankin" godiya a ƙasa da ƙananan haruffa. Shi ya samu digirin digirgir, dattijo ya samu hoto.

Wani lokaci ma abin ya fi haka muni. Mutanen San na kudancin Afirka sun daɗe suna cin wani tsiro mai suna hoodia don kashe yunwa a doguwar tafiya. A shekarun 1990 wata cibiyar bincike ta gwamnatin Afirka ta Kudu ta yi rajistar mallakar sinadarin da ke cikinsa, ta ba wani kamfanin Ingila lasisi, masu ilimin ba su ma san ana yi ba. Sai da aka yi ta tayar da jijiyar wuya kafin a rattaba hannu kan yarjejeniyar raba riba da su a 2003.

To me ya bambanta Barrow? Za a so a ce kyawun halin Albert da George ne, kuma ba na musun suna da shi. Albert da kansa ya rubuta maƙala a 2001 yana bayyana yadda Brower ya tsara alƙiblar binciken. Amma kyawun hali kaɗai ba ya riƙe dillali shekara 40. Abin da ya riƙe su shi ne albashinsu daga hannun mutanen yake fitowa, a garin suke kwana, idan suka yi ba daidai ba gobe za su haɗu da mai maganar a kanti. Sama da duka, tambayar da ake bincike a kanta ta mafarauta ce. A ganina nan ne gizo ke saƙa. Kusan kowane mai bincike a yau ya iya cewa ya "tuntuɓi al'umma". Abin dubawa shi ne wa ya kawo tambayar. Idan a ofis aka tsara ta, aka zo ƙauye neman amsa kawai, to mutanen rijiya ce aka zo ɗiba, ko da an gaishe su da ladabi kafin a zura guga.

Kada kuma a manta inda ƙaramar hukumar ta samu kuɗin ɗaukar masana. Harajin kamfanonin man fetur ne da ke haƙa a Prudhoe Bay, a cikin yankinta. Wato man da ke cikin abin da ke narkar da ƙanƙarar shi ya biya kuɗin kare farautar da ake yi a kanta. Ban kawo wannan don in zarge su ba. Na kawo shi ne don wanda zai shiga wannan sana'a ya san cewa da wuya ya samu kuɗin da babu ƙura a jikinsa.

Mai karatu zai iya cewa, to ai masanin da al'umma ta ɗauka aiki lauyanta ne, abin da take so shi zai faɗa. Wannan magana ba ta wasa ba ce. Tsoron hukumar a 1977 ba na banza ba ne gaba ɗaya, domin a shekarun 1970 yawan agviq ɗin da ake soka ya ƙaru, kuma da dama sukan tsere da rauni su mutu a teku. A ce na'urar ta saurara ta ji shiru, ta nuna dattawan ne ba su yi daidai ba, me Albert zai yi? Amsar da nake gani ɗaya ce, dole ya faɗa, kuma ya fara faɗa musu su kafin kowa. Amfaninsa gare su gaba ɗaya ya rataya ne a kan duniya ta yarda cewa ko alƙaluman sun yi ɗaci zai kawo su. Kowace ƙirga tasu sai ta bi ta gaban kwamitin masanan hukumar, inda ake tsefe ta ciki da bai. Mai shaidar da kullum bayan ɗan'uwansa yake, wata rana alƙali zai daina jin sa, ranar nan kuwa ɗan'uwan ne zai fi kowa asara.

Akwai ma wani irin raini da ke sanye da rigar girmamawa. Shi ne baƙo ya zauna gaban dattijo yana ta gyaɗa kai, duk abin da aka ce ya ce hikima ce, ya rubuta, ya tafi, ba ya taɓa tambayar "ta yaya ka sani?" Haka ake yi wa yaro idan yana ba da labari. Wanda ka ɗauka tsaranka ne a ilimi shi kake yi wa jayayya. Laifin 1977 ba wai an nemi a gwada maganar mafarauta ba ne. Laifin shi ne ba a ga ta kai a gwada ba, aka yanke hukunci da ƙirgar da ita ma ba a gwada ta ba.

Duk da haka akwai abin da ke tsaya mini a wuya. Brower yana da gaskiya tun ranar farko, amma sai da aka kashe shekaru da maƙudan kuɗi, na'ura ta yi masa shaida, sannan gaskiyarsa ta zama gaskiya a idon duniya. Al'ummomi nawa ne ke da harajin man fetur? Makiyayin da ya ce wannan fadama tana mutuwa, masuncin da ya ce kifi ya sauya hanya, idan ba su da kuɗin ɗaukar masani, maganarsu tana nan a matsayin "an ce". Wannan rashin adalci ne wanda mai tsayuwa a tsakiya bai isa ya kawar da shi shi kaɗai ba, kuma a cikinsa yake cin abinci.

Sauyin yanayi ya zo ya ƙara dagula lissafin, domin yanzu ba a iya cewa wannan ɓangare ya sani, wancan bai sani ba. Ƙasa tana zamewa a ƙarƙashin ƙafar kowa. Wani bincike na 2022 ya nuna cewa tun 1979 yankin Aktik, wato wannan kusurwa ta arewacin duniya, yana ɗumama kusan ninki huɗu na yadda sauran duniya ke yi. Dattawan Inuit na Kanada, dangin Inupiat, waɗanda a da suke duban gajimare su faɗi abin da gobe za ta kawo, sun fara cewa sun daina gane sama. Wata mai bincike, Shari Fox, wadda ta zauna shekaru a ƙauyen Clyde River, ta ji wata kalma a bakinsu, uggianaqtuq, wadda ake faɗa idan aminin da ka sani ya fara wani hali da ba nasa ba. Da farko masana sun duba alƙalumansu ba su ga abin da dattawan ke nufi ba, domin matsakaicin zafi suke aunawa. Sai Fox da wata masaniyar yanayi, Elizabeth Weatherhead, suka sauya tambayar ta koma ta dattawan: shin yanayin yau yana kama da na jiya kamar yadda yake yi a da? A maƙalarsu ta 2010 sun nuna cewa a Baker Lake wannan ɗorewa ta ragu sosai a lokacin narkewar ƙanƙara. Alƙaluman suna nan tun tuni a cikin kwamfuta, mai tambayar ce ba a samu ba.

Na'urar ma ba ta tsira ba. A ƙarshen 2017 hukumar kula da yanayi ta Amurka ta lura cewa alƙaluman tashar Utqiagvik sun ɓace daga rahotonta. Ashe manhajar da ke tace bayanai ce ta ga zafin garin yana hawa da saurin da ya wuce hankali, ta ɗauka ma'aunin ne ya lalace, ta zubar da su. Ma'auni kuwa lafiyarsa lau.

Idan dattijo ya daina gane ƙanƙara, manhaja kuma ta ƙaryata ma'auninta, aikin ɗan tsakiya ya tashi daga kai saƙo. Ya koma haɗa mutum biyu da kowannensu ke riƙe da rabin abu. A Nain, a gaɓar Labrador ta Kanada, bayan hunturun 2010 da ya zo da ɗumi har mutane suka riƙa burmawa cikin ƙanƙara a hanyoyin da iyayensu suka bi lafiya, gwamnatin Inuit ta yankin da wani malamin jami'a, Trevor Bell, suka fara shirin SmartICE. Ana ɗaura na'urar auna kaurin ƙanƙara a kan keken da ake ja bisa ƙanƙara, 'yan garin ne ke jan ta, a kan hanyoyin da su suka zaɓa, sakamakon kuma gare su yake fara komawa. Na'urar ta san kauri, amma ba ta san inda mutane ke bi zuwa farauta ba.

Wani zai ce mafita ita ce ɗan gida ya yi karatun, a huta da baƙo. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba sai mun je nesa ba. Hindou Oumarou Ibrahim, Bafulatanar Mbororo daga Chadi, ta fito daga al'ummar makiyaya, ta kuma yi jawabi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ranar da aka sa hannu kan yarjejeniyar Paris a 2016. A 2012 ta jagoranci wani aiki a Baibokoum, a kudancin Chadi, inda makiyaya suka gina taswirar yankinsu mai tudu da kwari, suka sa mata mashaya da burtali da wuraren kiwo, don a samu abin zama a kai a yi magana da manoma da hukuma. Aiki ne mai kyau. Amma ɗan gida ma bai kuɓuta daga tambayar ba. Da yawun wa yake magana, dattawa ko matasa, maza ko mata, masu garke ko masu kiwon haya? Kuma taswira wuƙa ce. Abin da ke cikin kan makiyayi ba mai iya ƙwace shi, amma ranar da mashayar da ba ta ƙafewa ta hau takarda, mai neman filin da zai killace ma ya iya karatu.

Shi ya sa nake ganin wani babban ɓangare na amanar wannan sana'a shi ne sanin abin da ba za a rubuta ba, da kuma yarda a ce maka a'a. Mutanen San sun fitar da nasu ƙa'idojin bincike a 2017. Ƙungiyar Inuit ta Kanada ta fitar da nata tsarin a 2018, kuma a yankin Nunavut sai da lasisi ake bincike. Wasu masana suna ƙorafin cewa wannan yana jawo jinkiri. Gaskiya ne yana jawowa. Tallafin bincike yakan ƙare cikin shekara uku ko biyar, amincewar mutane kuwa takan fi haka daɗewa kafin ta tsiro. Matashin da ya zaɓi wannan hanya zai ga tsararrakinsa da suka zauna gaban kwamfuta da hotunan tauraron ɗan'adam sun riga shi tara maƙalu da muƙamai, shi yana can yana shan shayi a gidan mutane, yana halartar jana'iza, yana jiran taron da aka ɗage sau uku. Ba wani shafi a takardar neman ƙarin girma da aka ware wa waɗannan. Duk wanda ya ce masa ba zai biya wannan farashi ba, bai faɗa masa gaskiya ba.

Brower ya rasu a 1992, George kuma a 2023. Ƙirgar da suka gina ta dogara ne ga tudun ƙanƙara mai ƙwari da mutum zai tsaya a kai makonni, kuma irin wannan ƙanƙara tana ƙara wuyar samu, har an fara haɗawa da ƙirga ta jirgin sama. A Satumba da Oktoban 2019, lokacin da agviq ya saba dawowa ta gaban Utqiagvik, bai zo ba. Mafarauta suka yi ta fita makonni suna ƙona mai suna dawowa hannu rabbana, masu ƙirga ta sama su ma ba su gan shi inda suka saba ganinsa ba. Sai a watan Nuwamba aka kama guda ɗaya. Da shekara ta zagayo, ya dawo da yawa.